Ƙwan Zabi a Randar Iya

Kwana huɗu muka yi babu wuta a unguwarmu a Kazaure, ga zafin bazara, firij ya koma akwatin ajiye ɗumi. Matar ɗana ta fito da kiret biyu na ƙwai ta dire a tsakar gida, tana fasa wannan tana toshe hanci, tana fasa wancan tana salati. Ina kan tabarma ina kallonta kawai, don tsohuwar da ke zaune a gidan ɗanta, in tana son zaman lafiya, sai ta koyi riƙe bakinta. Can ta juyo ta ce, "Hajiya, wai ku da can da babu firij, yaya kuke yi da ƙwai?" Na ce mata yashi ake samowa busasshe, a shafa wa ƙwan mai, a binne shi a ciki, kuma kada a kuskura a wanke shi. Ta ɗauki waya ta danna, ta ce ikon Allah, ga shi nan ma an rubuta haka. Na ce to madalla, tunda waya ta yarda. Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Sauran ya tsaya mini a rai har ya hana ni cin abinci ranar, shi ne nake so in sauke shi a nan.

Yaran yanzu ba su san ƙwai yana da lokaci ba. Sun buɗe ido sun gan shi jibge a shago rani da damina, duk girmansa ɗaya, kajin da suka saka shi ma ba su taɓa ganin zakara ba balle ciyawa. Mai shayin bakin titi yakan fasa biyar kafin ka gama amsa gaisuwarsa. Jikokina in aka dafa musu taliya babu ƙwai a kai sai su turo baki, wai an ba su gaya. A ƙauyenmu kuwa, can bayan duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa, ƙwai ɗan damina ne. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe ƙasa, fara da gara sun samu, sannan zabi suke fara saka. Da sassafe za ka ji su a kan tsamiyar ƙofar gida, ƙurƙyat, ƙurƙyat, kamar matan da suka haɗu a bakin rijiya, sannan su diro su bi juna su shige daji. Zabuwa ba ta saka a gida, kaza ce mai wannan sakarcin. Ita sai ta sami ƙarƙashin sabara ko cikin sarƙaƙiya inda ko akuya ba ta kutsawa, su haɗu su biyar ko shida suna zubawa a gurbi ɗaya. In ba ka iya bin sawu ba, tunku ko maciji ne zai riga ka, sai dai ka tarar da ɓawo.

Zabin gidanmu na Iya ne, mahaifiyar Babanmu. Gajeruwar mace ce mai kaifin ido, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi gyaran murya a ɗakinta har tabarya takan tsaya a turmi. Ni ta zaɓa na zama mai ɗauko mata ƙwai tun ina 'yar shekara tara ko goma, kuma ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Akwai wani dogon ludayi da take ratayewa a bakin ƙofarta, ba a dama fura da shi, ba a taɓa shi da hannun miya. Da shi ake ɗebo ƙwai. Takan ce, "Zabuwa tana jin warin hannun mutum. Kika sa hannu a gurbinta sau ɗaya, ta bar shi ke nan har abada." Ba a kuma kwashe gurbi tas, sai an bar guda uku, a yi musu alama da gawayi don a gane su, zabin su dawo su ga kayansu yana nan. Da hantsi nake zuwa, bayan sun gama sun watse kiwo. In durƙusa nesa, in miƙa ludayi cikin ƙaya, in riƙa ɗebowa ɗaya bayan ɗaya ina sa su a ƙoƙo kan dusa. Har yau ina jin ɗan ƙaran da ƙwan zabo yake yi in ya gungura cikin ludayi.

A ƙuryar ɗakin Iya akwai tsohuwar randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa. Nan ne ma'ajiya. Yashin rafi take sa a ɗebo mata tun da rani, ta shanya shi ya bushe ƙarau, ta tankaɗe. Kowane ƙwai sai ta ɗaga shi ta saitin rana ta leƙa, ta goge shi da busasshen tsumma, ta lakaci man kaɗe ta shafe shi, sannan ta kafa shi a yashi, tsininsa yana kallon ƙasa, babu wanda yake taɓa ɗan'uwansa. Sahu ya cika ta rufe da yashi ta fara wani. Duk wanda ya shiga randa kuma sai ta jefa ƙwallon tsamiya guda a wata 'yar jaka da take ɗaure da ita a ƙugu. Ranar Juma'a da safe takan tone su duka, ta jera a tabarma, ta duba, ta fitar da wanda ya fara juyawa, ta mayar da sauran. Da haka ƙwan damina yake kai mu har bayan kaka, lokacin da zabi sun daina saka, sannan a kai kasuwa a musanyo gishiri da kanwa da manja na shekara. Wasu ta ba kaza ta kwanta a kai, don zabuwa ba ta iya reno ba. Wasu kuma na baƙi ne da na Baba. Ƙwai ɗaya, in ta kaɗa shi da ɗan garin rogo da albasa, sai ya cika kasko kamar uku.

Mu yara kuwa ba ma ci, haka ma mace mai ciki. Kowa a garin ya san yaron da aka saba masa da ƙwai ɓarawo zai zama, kuma ba wanda yake tambayar dalili, kamar yadda ba a tambayar dalilin da ya sa ba a zama a kan turmi. Amma Iya ba ta barin mu muna haɗiyar yawu. Ranar da aka soya wa Baba, sai ta dama ƙullun wake ruwa-ruwa, ta ɗiga masa manja har ya yi kalar gwaiduwa, ta watsa shi a kasko, ta naɗe ta miƙo mana tana cewa, "Ga ƙwan yara, ya ma fi na manya daɗi." Mu kuwa mu karɓa muna taƙama. A wasu gidajen maganar ƙwan nan faɗa ce kawai ta baki, a namu gidan kuwa ciwo ce. Iya tana da ɗa, yayan Baba, wanda ba a ambatar sunansa. An kama shi da akuyar mutane a kasuwar Babura, aka zagaya da shi ana masa ihu, daga ranar ya bi hanyar Arewa bai sake waiwayo ba. Iya ta yi imani har zuciyarta cewa uwar mijinta ce ta lalata mata shi, don tun yana rarrafe take tura masa ƙwai a baki saboda gata. Takan ce, "Yau ƙwai, gobe kaza, jibi akuya. Ni na gani da idona."

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, mahaifiyata, saboda haka tsakanina da ita sai alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, in za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "A ce wa yarinyar nan ta ɗebo ruwa." Yanzu ina ganin uwa da 'yarta ta fari suna ɗaukar hoto kunci da kunci, sai in rasa ko dariya zan yi ko kuka. Bayana an haifi wata mace ba ta zauna ba, sannan aka sami namiji, shi ya sa ake ce masa Tanko. Bai kai lokacin yaye ba Inna ta sami wani cikin. Kwanika, wato ciki a kan goyo, a wancan zamanin abin kunya ne babba, mata suna ganinta a bakin rijiya sai su yi shiru. Aka cire Tanko daga nono da wuri aka kai shi ɗakin Iya, kamar yadda ake yi. Kada wani ya ce Iya ba ta son yaron nan. Maigida take kiransa, tana masa wasan jika, tana cewa, "Kai Maigida, yau ma ba cefane? Zan fa kai ka ƙara wurin alƙali." Shi kuma ya kama hancinta yana ƙyalƙyala dariya.

Shekarar ta zo da wuya. Gyaɗar bara ta kuturce a gona, waken da ya rage an shuka shi, Fulanin da suke kawo mana nono sun yi nisa da shanunsu. Da marka ta kankama, rumbu ya koma sai ƙasa-ƙasa, gero kuma bai ko fitar da kai ba. Kunun tsaki muke sha da safe, da rana kwaɗon tafasa ba ƙuli, da yamma tuwo in an samu. Babba yana jurewa, yaron da aka cire daga nono kuwa ba ya jurewa. Tanko ya daina tafiya, ya koma zama. Ƙafafunsa suka kumbura suna sheƙi, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, in ka shafa sai ya biyo hannunka. Ya daina kuka mai ƙarfi, sai wani siririn ƙorafi da yake yi ba hawaye, yini guda, a kan buzun Iya, taku biyu daga randar ƙwai. Wannan sautin shi ne ban rabu da shi ba. Ko ƙofa ce ta yi ƙara a hankali a gidan nan sai gabana ya faɗi.

Ranar wata kasuwa Baba ya yarda a kai shi ɗakin shan magani a Roni. Cikin Inna ya tsufa, don haka ni na goya shi, muka bi ta cikin gonaki da ƙafa. Ma'aikaciyar da muka samu wata doguwa ce 'yar wajen Jos, Kirista, Hausarta tas. Ta danna ƙafar Tanko da babban yatsa, ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna bai taso ba.

Ta ce wa Inna, "Maman yaro, wannan ba ciwon allura ba ne. Tamowa ce, jikinsa ne yake neman abinci mai gina jiki. Akwai wake a gida?"

Inna ta girgiza kai.

"Gyaɗa fa? Nono?"

Inna ta sake girgiza kai, idonta a ƙasa.

"Ƙwai fa?"

Inna ta kau da kai. Ni kuwa da ba a tambaye ni ba, sai na ji bakina ya ce, "Akwai, randa guda!"

Matar ta tafa hannu ta ce, "To mun gode wa Allah, maganin yana gidanku. Ɗaya kullum, a dafa shi sosai, a murƙushe masa a kunu. Bayan sati uku ku dawo mini da shi."

Inna ta ce a hankali, "A wurinmu ba a ba yara."

Ta ce, "Na sani, Mama. Mu ma tsofaffinmu haka suke faɗa. Amma ga ni nan, na ci tun ina ƙarama, ko allurar ɗinki ban taɓa sata ba. Ki ba shi, don Allah."

Muka dawo gida. Surukuwa ba ta tunkarar uwar miji da irin wannan maganar, saboda haka sai Inna ta gaya wa Baba. Da la'asar ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Iya, ya cire hula, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Iya ta bari ya gama. Ta ce, "Ciwo Allah ne yake kawo shi, Shi ne yake ɗauke shi. Sata kuwa ba ta da magani. Ɗaya na rasa ta wannan hanyar, ba zan miƙa na biyu da hannuna ba." Sannan ta ɗan ɗaga murya yadda za a ji a madafa, ta ce, "Wadda ta jawo masa da gaggawarta kuma ba ita za ta koya mini reno ba." Baba ya mayar da hularsa ya fita. Washegari Iya ta kama 'yar akuyarta guda ɗaya tilo ta bayar aka yi wa Tanko rubutu, ta riƙa ba shi da hannunta tana tofa masa addu'a.

Ni dai maganar matar nan ta ƙi barin kunnena. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce zan je cirar tafasa, na goya Tanko, na ɓoye garwashi a tsingaro da wani tsohon gwangwani a cikin ƙwarya. Ludayin yana rataye a ƙofar Iya, ita kuma tana zaune a ƙarƙashinsa, kuma na riga na yi ɗiban ranar tun da hantsi. Ba yadda zan ɗauke shi ba ta tambaya ba. Na je gurbin haka nan, na tarar wata zabuwa ta makara ta saka sabo bayan tafiyata. Na tsaya na waiga, na ce sau ɗaya dai ba zai zama komai ba, na zura hannu na ɗauko shi da ɗuminsa. A ƙarƙashin wani dutse da ruwa ba ya shiga na hura wuta na dafa. Na ɓare, na gutsuro gwaiduwar na sa masa a baki, ko da yake ni ma rabin zuciyata ta yarda da maganar Iya. Ya tsotsa, ya tsaya kamar mai tunani, sai ya buɗe baki da kansa. Da ya cinye ya kama yatsana yana lasa, ya ce, "Yaya, ƙara." Na binne ɓawon, na wanke masa baki da ruwan kwatami, na goge da ganye har sau uku.

Kashegari na je da ludayi kamar kullum, na tarar da ƙwai ukun nan masu alamar gawayi, sun yi sanyi, babu sabo ko ɗaya. Jibi ma haka. Ko warin hannuna ne, ko sawuna da na tattake wurin da yamma, ko lokacinsu ne ya yi, Allah ne masani. Zabin dai sun tashi, kuma na bi su har ƙaya ta yayyage mini ƙafa ban ga inda suka koma ba. Iya ta ce wataƙila tunku ne ya firgita su. Sai ya zamana babu ƙwai a duniyar nan da hannuna zai kai gare shi sai na randa. Na ce a raina aro zan yi, in na gano sabon gurbi kafin Juma'a in mayar, ba wanda zai sani. Hankalin yaro ke nan. Sau uku na faki idon Iya ta zaga bayan gida, na zura hannu cikin yashin nan mai sanyi na zaro, na shafe wurin, na goya Tanko muka tafi cirar tafasa.

A cikin satin nan yaron ya fara dawowa. Siririn kukan ya ragu. Ranar Alhamis ya dafa bango ya miƙe, ya tako har inda Iya take tsintar tsaki, ya kama mata hanci. Iya ta fashe da kuka da dariya a haɗe, tana cewa, "Maigida ya dawo daga tafiya! Kun ga aikin rubutu ko?" Na ga Inna daga bakin murhu ta juya baya tana goge ido da gefen zane. Ni kuwa har mamaki nake yi, ƙwai 'yan kaɗan haka su yi wannan aikin.

Juma'a ta zo ban gano gurbi ba. Iya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta tono ƙwanta ta jera, ta kwance jakar ƙugunta. Tana ajiye ƙwallon tsamiya ɗaya a gaban kowane ƙwai, ina tsaye ina kallo. Da ta kai ƙarshen sahu ta buɗe tafinta. Ƙwallon tsamiya bakwai ne suka rage. Na ƙirga da ido, na sake ƙirgawa, bakwai. Inna tana daka, tabaryar ta tsaya.

Iya ta ce, "Ke, zo nan. Ina ƙwaina?"

Na ce, "Iya, uku ne."

"Uku ne me?"

"Uku na ɗauka. Wallahi uku ne."

Ta ce, "Ga sata, ga ƙarya, ga rantsuwa. Kika kai wa wa?"

Tana faɗa idonta ya tafi kan Tanko, yana zaune a inuwa yana wasa da ƙoƙo. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Iya ba sai ranar. Na kuma san abin da za ta yi in na faɗi gaskiya, don na ga an yi wa ɗan maƙwabta da ya sha ƙwan kaza ɗanye. Ganyen filasko ake jiƙawa a ɗura wa yaro, ya yi ta gudawa har a tabbatar ƙwan ya fita daga jikinsa. Na kalli ƙafafun Tanko, na san ba zai ɗauki wannan ba.

Na ce, "Ni na ci."

"Duka?"

Na ce, "Duka."

Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta zauna daɓas a kan tabarma, ta kira sunan ɗanta da ba a kira, hawaye yana bin kuncinta, ta ce, "Wadda na ba amana." Na waiga wajen Inna ko za ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da daka, turmin kuwa na san babu abin da ya rage a cikinsa. Ni aka jiƙa wa filasko, na kwana biyu ina zarya bayan gida. Iya ta mayar da ƙwanta cikin yashi, hamsin da takwas, ta kife kasko a bakin randar, ta kwaɓa laka ta liƙe shi, ta danna tafin hannunta a kan lakar don ta gane in an taɓa. Ludayin kuma ta sa shi ƙarƙashin gadonta.

Ba sai na ja zancen ba. Cikin kwana goma Tanko ya koma zama, daga zama ya koma kwanciya. Fatar cinyarsa ta fara saɓulewa. In na goya shi muka wuce ta wajen dutsen nan sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya," ya buɗe baki, ni kuwa ba ni da komai sai tafasa. Na yi yawon dajin nan kamar mahaukaciya ina neman gurbi, har na gidajen mutane na leƙa, Allah bai ba ni ba. Na sha tsayawa a kan randar ina kallon shatin hannun Iya a jikin laka, in kasa. Ya rasu wata safiya da hantsi a kan cinyar Iya, saura 'yan kwanaki a fara cin tumu. Iya tana jijjiga shi tana cewa, "Maigida, haka za mu yi da kai? Ka tafi ba sallama?" Baba ya ɗauke shi a hannu cikin ɗan ƙyalle, ko makara ba a nema ba.

Bayan kaka Iya ta fasa lakar. Ƙwai biyu ne kawai suka lalace, don ta iya ajiya, Allah ya ji ƙanta. Aka kai sauran kasuwa aka musanyo gishiri da kanwa da manja. Gishirin nan muka ci har wata daminar, kuma duk loman da na kai baki na san da me aka saye shi. 'Yan matan garin suka sa mini suna Ci-bakwai, ya bi ni har ɗakin aure. Wannan bai dame ni ba kamar Inna. Da ma ba hira muke yi ba, amma daga ranar ko inda nake ba ta kallo, in na shigo madafa sai ta sami abin yi a waje. Na ɗauka ƙyamata take yi, kuma ban ga laifinta ba, tunda a saninta ni ce na cika cikina ƙanena yana mutuwa da yunwa. Na so in gaya mata, amma ta ina 'yar fari za ta fara? Huɗun da ban ɗauka ba kuwa, na bar su a kan cewa tsufa ne ya sa Iya ta yi kuskuren ƙirga. Na daɗe ina jin haushin Iya. Sai da na binne nawa 'ya'yan biyu sannan na gane tsoro ne ya riƙe ta, ita ma ɗanta take gani a duk lokacin da ta kalli randar.

Shekaru sun shuɗe, Iya ta riga mu gidan gaskiya, na yi aure a wani ƙauye kusa da Kazaure. Da ɗana na fari ya isa yaye na kai shi wurin Inna, da damina. Bayan sati na koma in gan shi. Na yi sallama na shiga, na tarar da ita zaune a tsakar gida da rana tsaka, yaron yana kan cinyarta, tana ɓare masa dafaffen ƙwan zabo a gaban kowa. Na tsaya cak da ƙwaryar tsaraba a kaina. Ba ta ɗago ba. Yaron ta yi wa magana, yadda ta saba yi in da ni take.

Ta ce, "Ka gaya wa uwarka ta yafe mini. Uku ta ɗauka, gaskiya ta faɗa. Huɗun nan ni ce. In na shiga share ɗakin Iya nake zarowa, in dafa a cikin tukunyar tafasa, in ba shi a bayan rumbu. Ina tsaye aka ɗura mata filasko ban buɗe baki ba."

Na sauke ƙwaryar a hankali don kada ta suɓuce. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ukun ma shi na ba."

Hannunta ya tsaya a kan ɓawon. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo.

"Ba ke kika ci ba?"

Na ce, "Ko lasa ban yi ba. Tsoron filasko na ji masa."

Ta daɗe tana kallona. Yaron ya gaji da jira ya miƙa hannu ya ƙwace ƙwan, ba ta ma sani ba.

Ta ce, "Kullum in na shiga shara sai na tsaya a kan randar nan. Laka ce fa kawai, da ɗan yatsa ma za a ɓamɓare ta. Sai in ce ni kaɗai ce a gidan nan, wa zai tsaya mini." Ta ja numfashi. "Ashe mu biyu ne."